Kifi Ma Matafiyi Ne: Daga Ƙanƙarar Kanada Zuwa Kogin Yedzaram

Wanda ya tsaya a bakin rafukan Digil na yankin Mubi a watan Maris, abin da zai gani yashi ne da sawun shanu, sai 'yan kududdufai nan da can. Amma damina na kankama, sai ka ga yara suna tsintar tarwaɗa a cikin ciyawa, wani lokaci har a kwarin gona. Shi ya sa har gobe akwai masu rantsuwa cewa da ruwan sama kifi yake faɗowa. Ba daga sama yake zuwa ba. Tafiya ya yi, kuma kan wannan tafiya rayuwarsa ta rataya.

Sai mu fara da hanyar. Yawancin ruwan Adamawa Binuwai yake zuba, ya haɗu da Kwara a Lokoja, ya faɗa teku. Na Mubi dabam ne. Kogin Yedzaram daga duwatsun Mandara yake gangarowa, ya ratsa garin Mubi ya miƙe arewa, ya bi ta fadamun Sambisa da Bama, ya nufi Tafkin Chadi. Ke nan ruwanmu bai san gishirin teku ba. Duk da haka, kifin da ya fi saurin fahimtar da mutum wannan al'amari mai shiga teku ne, kuma yana can ƙarshen duniya.

Sunansa car, dangin kifin salmon ne, kuma babu kifin ruwan daɗi da ya kai shi nisa zuwa arewa. Ana samunsa a Kanada da Girinlan da Nowe da Rasha, har a Tafkin Hazen na tsibirin Ellesmere, inda ƙanƙara ke rufe ruwa kusan duk shekara. A ruwan daɗi ake ƙyanƙyashe shi, ya yi shekaru huɗu ko biyar ko fiye bai leƙa ko'ina ba. Tafkunan can sanyi ya hana su abinci, girma sai a hankali. To da ƙanƙara ta narke wajen watan Yuni ko Yuli, sai ya gangara kogi ya shiga teku, inda ƙananan kifaye da jatan lande suke birjik. Ba ya nisa, gefen gaɓa yake bi, kusa da bakin koguna, a saman ruwa. Mako shida zuwa takwas yake yi yana ci ba ji ba gani, kuma kusan abincin shekararsa ke nan.

Me zai hana ya zauna can tunda ga daula? Sanyi. Ruwan gishiri yakan sauka ƙasa da sifili, kusan digiri biyu, bai daskare ba, jinin car kuwa ba zai jure haka ba. Dole kafin hunturu ya hauro ya koma ruwan daɗi, ya lafe ƙarƙashin ƙanƙara kusan ba ci. A can yake zuba ƙwai kan tsakuwa, ba ma kowace shekara ba. Teku gonarsa ce, tafki ɗakinsa, kogin da ke tsakani kuwa shi ne hanyar gona. Mutanen Inuwit sun daɗe da gane haka: shingen duwatsu suke jerawa a kogi lokacin haurowa su soki abin da za su ci. Abin mamaki, a tafki guda akwai car da ba sa fita ko sau ɗaya, kuma galibi su ne ƙanana. Kifi ma, ashe, ɗan ci-rani ya fi mazauni ƙiba.

Juya lissafin nan, ka sa rani a gurbin hunturu, sai ka ga namu. Abin da ƙanƙara ke yi wa car shi fari ke yi wa tarwaɗa da karfasa. Da rani suna tattaruwa a gurbi mai zurfi, ko tafki, ko dam irin na Digil, su yi ta maneji. Da sabon ruwa ya zo, sai su haura su bazu cikin fadama. Tarwaɗa a ciyawar da ruwa ya shanye take zuba ƙwai, galibi da dare bayan an tafka ruwa, ƙwan kuma kwana ɗaya zuwa biyu ya ƙyanƙyashe. 'Ya'yan suna samun ƙwari da tsutsa, ga maɓoya daga manya. Tana da wata gaɓa a kai da take shaƙar iska da ita, shi ya sa take iya jan ciki a jiƙaƙƙiyar ƙasa daga wannan kududdufi zuwa wancan. Ga asalin labarin kifin sama. Gaiwa ita tata dabarar dabam: ba ta gudu, laka take shiga ta lulluɓe kanta da majina, ta yi watanni tana jiran damina.

Babbar tafiya irin ta car a yankinmu a Tafkin Chadi aka gan ta. Akwai wani siririn farin kifi dangin shemani da kawara, wanda ake shanyawa a sayar da sunan salanga. Masanan Faransa da suka yi aiki a tafkin a shekarun 1960 da 1970 sun bi sawunsa: manyan suna barin tafki su haura Shari da Logon su hayayyafa, 'ya'yan su yi ƙiba a fadamar Yayre ta arewacin Kamaru, in ruwa ya fara janyewa su biyo kogin El Beid, wanda ya raba Barno da Kamaru, su koma tafki. A farkon shekarun 1960 faɗin tafkin ya kai murabba'in kilomita kusan 25,000. Farin 1972 zuwa 1973 ya raba shi biyu, ambaliya ta ƙi zuwa, salanga ta yi ƙaranci. Waɗanda suka gaji wurin su ne masu jure ruwa marar iska, wato tarwaɗa da karfasa da gaiwa. In ka lura tarwaɗa ce ta cika kwalayen bandar da ake lodi daga Baga, to tarihin farin nan kake kallo.

Bayan fari sai siminti da ƙasa. An gina dam ɗin Maga da shingen bakin Logon a 1979 don noman shinkafa, ruwan da ke malala Yayre ya ragu, masunta da makiyaya suka ji a jikinsu. Sai a 1994 aka sake buɗe wata mashiga don a mayar wa fadamar wani ɓangare na ruwanta. A 1982 aka gama dam ɗin Lagdo a kan Binuwai da na Kiri a kan Gongola. Ba na cikin masu zagin dam, wanda ya sha ruwan famfo ko ya yi noman rani bai kamata ya yi butulci ba. Amma dam ɗaki yake ba kifi ya toshe masa hanyar gona. Mukan tuna Lagdo ne kawai in an sako ruwa ya ci gari, ba ma tuna shekarun da fadama ta jira ruwa bai zo ba.

Sauran ɓarnar kuwa da hannunmu muke yi. Lokacin da kifi ya fi sauƙin kamu shi ne lokacin hawa, ciki cike da ƙwai, ya matsu a 'yar mashiga. Mai jera gura ya datse mashigar kaf, da mai jan gidan sauro a fadama yana kwashe 'yan mitsi-mitsi, duk kifin baɗi suke ci. Mai zuba gamalin kuwa, dokar kamun kifi ta 1992 ta haramta aikinsa, kamar yadda ta haramta nakiya da lantarki. A wurare irin su Argungu, hana kamun kifi a wani sashe na kogi har zuwa ranar da aka buɗe tsohuwar al'ada ce, kuma sarakunan ruwa ba su jira wani masani ya faɗa musu ba.

Haƙar yashi a gindin kogi da nome ciyawar gaɓa har bakin ruwa su ma suna cikin lissafi, don ɗaya tana sauya guraben da kifi ke fakewa da rani, ɗaya tana share inda zai zuba ƙwai. Don haka mai son sanin ko dam ɗin Digil zai yi kifi baɗi, ba tsakiyar ruwan zai duba ba. Ya zagaya ta bayansa a farkon damina, inda rafi ke shigowa, ya ga ko akwai sauran ciyawa, ya ga kuma ko an bar wa tarwaɗa ƙofa.