Shin Ko Kun San? Waƙa a Aljihun Matafiyi Ba Tare da Ƙona Data Ba

Daga Birnin Ƙonni zuwa Yamai tafiya ce ta sama da kilomita 400, kuma rezo ba ya bin mota ko'ina. Ga mai son kiɗa ya rage masa hanya ba tare da aljihu ya yi kuka ba, ga abubuwan da ya kamata ya sani kafin ya yanki tikiti.

Shin ko kun san cewa sauraron waƙa kai tsaye daga intanet kamar sayen ruwan leda ne, kullum sai an sake biya? Duk lokacin da kuka kunna waƙa a kan intanet, wayarku na jawo ta ne daga nesa, data kuma na raguwa. Idan kuka sauke ta sau ɗaya ta zauna a waya, ko sau ɗari kuka maimaita ta tsakanin Tsarnawa da Badagishiri, ba za ta ƙara cin ko dala ba.

Shin ko kun san cewa ana iya lissafa cin datar waƙa tun kafin a sauke ta? Waƙar MP3 mai matsakaicin inganci, wadda ake rubuta wa 128, tana cin kusan megabait 1 a kowane minti. Ke nan gigabait 1 zai ɗauki kiɗan awa 17. In tafiyarku ta awa 7 ce, megabait 400 sun isa daga tasha zuwa tasha. Amma in kuka zaɓi inganci mafi girma, mai lamba 320, wannan awa 7 ɗin za ta lashe gigabait guda cur, alhali cikin ƙugin injin bas kunne ba zai tantance bambancin ba.

Shin ko kun san cewa manhajar Boomplay da kuke tararwa a cikin sabuwar Tecno ko Infinix ko itel ba haka kawai ta shigo ba? A Najeriya aka ƙaddamar da ita a 2015, kuma tana da alaƙa da kamfanin Transsion na ƙasar Sin, wanda shi ne ke ƙera waɗannan wayoyi. Tana barin a sauke wasu waƙoƙi kyauta, sauran kuma sai an biya. Abin da ya sa ta dace da matafiyi shi ne akwai biyan kwana ɗaya, na mako da na wata. Ɗan kasuwar albasa da zai tashi daga Galmi ya dawo cikin mako bai da dalilin biyan wata guda.

Shin ko kun san cewa Audiomack, wadda aka kafa a birnin New York na Amurka a 2012, tana barin a ajiye waƙoƙi da yawa don saurare ba intanet ba tare da an biya ko sisi ba? Ladan da take karɓa shi ne tallar da ke ratsowa. Mawaƙi da kansa yake ɗora waƙarsa a kanta kyauta, shi ya sa sababbin mawaƙan Hausa da ba su da kamfani a bayansu suke yawan zuwa can. Sai dai waƙar tana zaune ne a cikin manhajar. Ranar da kuka goge manhajar daga waya, duk abin da kuka tara ya tafi.

Shin ko kun san cewa Mdundo, wani kamfani na birnin Nairobi a Kenya, ya bi wata hanya dabam? Shi MP3 yake ba ku kai tsaye, da 'yar gajeriyar talla maƙale a farkon waƙar. Irin wannan waƙa tana shiga memori, ƙaramar waya mai madannai za ta kunna ta, haka ma rediyon mota mai ramin memori.

Shin ko kun san cewa sai a watan Fabrairun 2021 Spotify ta buɗe ƙofa ga Nijar da Najeriya, a cikin ƙasashe sama da 80 da ta shiga lokaci guda? Mai amfani da ita kyauta ba ya iya sauke waƙa. Wanda ya biya kuwa yana iya ajiye waƙoƙi har 10,000 a waya guda, da sharaɗin ya leƙa intanet aƙalla sau ɗaya cikin kwana 30, in ba haka ba a rufe masa su. Akwai kuma ƙa'idar da ta shafi mutanen bakin iyaka: mai asusun kyauta kwana 14 kaɗai zai yi yana saurare a wata ƙasa kafin a nemi ya sauya ƙasar da ke rubuce a asusunsa. Wanda ke tsallakawa Illela ta jihar Sakkwato ya kwana biyu a can ya riƙe wannan.

Shin ko kun san cewa tun kafin waɗannan manhajoji su iso, jihar Tawa ta riga ta nuna wa duniya abin da memori ke iya yi? A 2008 wani matashin makaɗin gita Ba'abzine daga arewacin jihar, Mdou Moctar, ya je Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko mai suna Anar, da salon gyaran murya irin na waƙoƙin finafinan Hausa. Babu kamfanin da ya rarraba shi a lokacin. Daga waya zuwa waya ta bulutut waƙoƙin suka yi ta tafiya har arewacin Mali. A can wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tattara waƙoƙin da ya tarar a wayoyin mutanen Kidal, ya fitar da su a 2011 cikin kundin Music from Saharan Cellphones, har da waƙar Mdou. Sai da ya bi sawu ya nemo mawaƙan don a ba su rabonsu. A 2021 kamfanin Matador na Amurka ne ya fitar da kundin Mdou mai suna Afrique Victime.

Shin ko kun san cewa turi ta manhajar Xender ba ya taɓa datarku? Wayoyin biyu ne ke haɗa wata 'yar hanya a tsakaninsu, kuma ta fi bulutut sauri nesa ba kusa ba. Da ita masu turi a kasuwanni da bakin tasha suke loda wa mutane Shata da Ɗanƙwairo da Narambaɗa, ko Hamisu Breaker da Nura M. Inuwa. Sai dai a kula da memorin jabu, wanda aka rubuta wa girman da bai kai ba. Zai karɓi waƙoƙi kamar gaske, sai an yi nisa a tarar rabinsu ba sa buɗuwa. Ku gwada na farko da na ƙarshe kafin ku bar gaban mai shago.

Shin ko kun san cewa neman rezo yana cikin abubuwan da suka fi shanye caji a hanya? Inda sandar sadarwa ta yi nisa, waya na ƙara ƙarfi tana lalube. Ku danna alamar jirgin sama, waƙoƙin da kuka sauke za su ci gaba da tashi, batir kuma ya kai ku Yamai da saura. Rediyon FM da ke cikin wayoyi da yawa shi ma ba ruwansa da data, igiyar abin sa wa a kunne ce eriyarsa.

Shin ko kun san cewa waƙar da aka tura daga memori zuwa memori ba ta kai wa mai ita komai? A manhajojin da ke da yarjejeniya da mawaƙa, daga kuɗin talla da na masu biya ake fitar musu da kaso. A Nijar kuma akwai hukumar BNDA mai kula da haƙƙin masu fasaha. Don haka in waƙar da kuke so tana kan manhajar da mawaƙin ya ɗora ta da hannunsa, ku sauke ta daga can tun kuna gida, inda rezo ke da ƙarfi. Ku kun tsira da datarku, shi ma ya samu ɗan abin guminsa.