Hanyoyin Gano Kuskure a Manhajar Sa Ido kan Shafukan Intanet

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda ake gano kuskure a 'yar manhajar da ake rubutawa domin ta riƙa leƙa shafukan intanet, tana faɗin mai aiki da wanda ya tsaya. Idan ta yi shelar ƙarya, an tashi ma'aikaci da tsakar dare a banza. Idan kuwa ta yi shiru alhali shafin rajista ya faɗi, ɗalibai ne za su yi asara. Saboda haka tambayar da mai gyara zai fara yi ita ce: laifin na shafin ne, ko na manhajar?

Matakan Bincike

Na farko shi ne suna. Kafin a kai ga shafi, sai tsarin DNS ya mayar da sunansa lambar adireshi. Ranar 4 ga Oktoba, 2021, Facebook ya ɓace kusan awa 6, domin an kasa isa ga na'urorinsa masu wannan aiki. Manhajar da ba a tanadar mata irin wannan ba takan tsaya cak, ta bar sauran shafukan ba ta duba ba.

Na biyu shi ne jira. A harshen Python, kayan aikin da ake kira Requests ba ya yanke wa kansa lokaci. Idan ba a ƙayyade masa daƙiƙoƙi ba, shafi ɗaya mai nawa ya isa ya riƙe aikin duka.

Na uku shi ne takardar shaidar tsaro. Ranar 30 ga Satumba, 2021, wa'adin wata tushen shaida da Let's Encrypt ke dogara da ita ya ƙare, sai tsofaffin kwamfutoci suka ƙi amincewa da shafukan da lafiyarsu ƙalau. A nan aibin yana wajen mai dubawa.

Na huɗu shi ne amsar da shafi ya bayar. Lamba 200 na nufin nasara, 301 ƙaura, 404 babu shafin, 503 kuwa an kasa hidima na ɗan lokaci. Amma 403 sau da yawa manhajar kawai aka hana shiga, mutum kuwa yana shiga. Haka kuma shafi yakan ba da 200 alhali saƙon kuskure ne a cikinsa. Don haka ya kamata a sa manhajar ta nemi wata kalma da aka san tana shafin.

Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, za a ga cewa amsar "e" ko "a'a" ba ta wadatar ba. Wajibi ne manhajar ta rubuta matakin da ta tsaya da dalilinsa, ta sake gwadawa kafin ta yi ƙararrawa. Mai gyara kuma ya jarraba ta da shafi mai aiki da wanda ya san babu shi, domin sai an gwada akan san na ƙwarai.