Kwamfutarka na ƙugi kamar injin niƙa? Ji ƙorafinta kafin ka rufe mata baki

Da ƙarfe biyu na rana a watan Afrilu, in ka shiga shagon buga takardu ko sitidiyon haɗa bidiyon biki a Maraɗi ko Damagaram, kafin mai shago ya amsa maka sallama kunnenka ya riga ya ji ƙugin da ke fitowa daga ƙarƙashin tebur. Akwatin kwamfuta ne, fankokinsa na juyawa iya ƙarfinsu. Mai buga takarda ya saba, har ya daina ji. Amma matashin da ke naɗar muryar mawaƙi ko ta mai talla ba ya da wannan gata, domin makirufo ba ya zaɓe, duk abin da ya ji sai ya kwashe. Shi ya sa da yawa ke garzayawa intanet neman hanyar rage gudun fanka, kuma cikin minti biyar su samu. Matsalar ita ce galibin shawarwarin an rubuta su ne don ɗakunan da zafinsu bai wuce digiri 22 ba.

Ɗakinka ne ma'aunin farko

Fanka ba ta ƙera sanyi. Aikinta kawai ta kwashe zafin da ke jikin ƙarfe ta miƙa wa iskar ɗaki, don haka ba yadda za a yi ta sauko da na'ura ƙasa da zafin iskar da take zuƙa. Idan furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, kan ɗara zafin ɗaki da digiri 45 lokacin aiki mai nauyi, to a ɗakin da ke da digiri 22 za ta tsaya a 67, lafiya lau. Wannan kwamfutar dai, da wannan aikin, in an kawo ta ɗaki mai rufin kwano da ke da digiri 42, za ta kai 87.

Kamfanonin da ke ƙera kwamfutocin ofis irin su Dell da HP, waɗanda su ne suka fi yawa a kasuwar kayan da aka yi amfani da su, sukan rubuta a takardar bayanin yawancinsu cewa iyakar zafin ɗakin da aka gina su don shi digiri 35 ne. A Yamai, Tawa da sauran garuruwanmu kuwa, zafin rana a Afrilu da Mayu kan haura 40 a inuwa. Ke nan a bazara, duk kwamfutar da ke ɗaki maras na'urar sanyaya iska tana aiki ne a wajen iyakar da aka yanka mata. Ƙugin da ake ji ƙoƙarinta ne na cike wannan giɓi.

Furosesa na zamani na da hanyar kare kanta. Na Intel galibi iyakarsu na kusa da digiri 100, da yawa daga na AMD Ryzen kuma 95. Da ta kusanci nan sai ta rage wa kanta gudu, in abin ya ci tura ta kashe kwamfutar gaba ɗaya. Wanda ya rage fanka da ka, bai auna ba, zai samu shirun da yake so, amma bidiyon da ke fita cikin minti ashirin sai ya koma arba'in, ko kwamfutar ta mutu ana tsakar aikin mutane. Kuma ba furosesa kaɗai ke shan wuya ba: faifan ajiyar bayanai mai juyawa yawanci iyakarsa tsakanin digiri 55 da 60 ce, ƙananan kayan lantarkin da ke kan babban allo kuma zafi na rage musu kwana a hankali.

Kowace ƙara da abin da take faɗa

Kafin a taɓa komai, a kasa kunne. Huci mai ɗorewa kamar iska na bi ta tagar mota alama ce fanka na gudu da ƙarfi, sai a nemi dalili. Gurnani ko kwaramniya, musamman da an kunna kwamfuta da safe, galibi bakin gatarin fankar ne ya cinye ko mansa ya bushe, kuma babu saitin da zai gyara shi sai canji. Ƙara mai kama da kati a cikin waya ta keke sau da yawa wata igiyar wuta ce ke taɓa fukafukan fanka, ɗaure ta gefe ya wadatar. Ƙarar da ke tashi tana sauka kowane ƴan daƙiƙoƙi ita ce ta saiti. Idan kuwa ƙwas-ƙwas ake ji daga faifan ajiya, wannan ba maganar fanka ba ce, a gaggauta kwashe muhimman takardu da hotuna zuwa wani wuri tun kafin faifan ya tafi da su.

Bayan kunne sai ma'auni. Akwai manhajoji na kyauta irin su HWMonitor da HWiNFO da ke nuna zafin furosesa da na katin hoto da yawan juyin kowace fanka a minti. A duba sau biyu: lokacin da kwamfuta ba ta komai, da lokacin da take aikin da ya fi yi mata nauyi. A rubuta alƙaluman tare da lokacin da aka ɗauke su, domin awon asuba da na azahar ba ɗaya ba ne.

Ƙura ce babbar mai laifi

Daga Nuwamba zuwa wajen Maris, iskar hunturu na kwaso ƙura daga Sahara, mai yawa daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, ta shiga kowace kafa. A saman furosesa akwai wani ƙarfe mai haƙora jere kamar matsefi, shi ke shanye zafi, fanka kuma na hura iska tsakanin haƙoran. Ƙurar hunturu kan toshe su har ta zama kamar bargo. Da bazara ta shigo, sai ta tarar da kwamfuta lulluɓe. A nan fanka za ta yi ta gudu tana ihu, iska kuwa ba ta wucewa.

Sharar ba ta da wuya, amma tana da ƙa'ida. A kashe kwamfuta, a zare igiyar wuta daga bango, a fita da akwatin waje. A taɓa ƙarfen jikinsa kafin a sa hannu ciki, saboda a busasshiyar iskar hunturu jikin mutum kan tara lantarkin da ke iya lalata ƙananan kaya. A yi amfani da injin hura iska da burushi mai laushi. A riƙe fukafukan kowace fanka da yatsa yayin hurawa, domin in iska ta juya ta fiye da ƙima tana iya lalata gatarinta. Akwatin wuta kuwa, wanda igiyar lantarki ke shiga cikinsa, a hura shi daga waje kawai, kada a kwance shi: yana iya riƙe wuta mai haɗari ko bayan an zare shi.

Akwai kuma wani mai kamar man goge haƙori da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfen shan zafi, wanda masu gyara ke kira pat tarmik. Da shekaru yakan bushe ya tsattsage. Kwamfutar da ta yi shekara bakwai a wani ofis a Turai kafin ta iso nan mai yiwuwa ba a taɓa canza mata shi ba. Ana goge tsohon tas, a ɗiga sabo kamar ƙwayar wake a tsakiya, a mayar da ƙarfen a ɗaure daidai. Wanda bai taɓa yi ba gara ya kai wa mai gyara ya tsaya ya gani.

Wurin ajiya ma na da tasiri. Akwatin da ke ƙasa kan siminti ya fi shaƙar ƙura, wanda aka manna da bango ko aka kulle cikin kabad kuma iskar da ya fitar ita yake sake zuƙa. A ɗora shi kan tebur ko benci, a bar masa aƙalla taƙi guda a baya. Cire murfin gefe a kafa masa fankar ɗaki, kamar yadda ake yi a shaguna da yawa, dabara ce ta ranar wuya, amma ƙofa ce a buɗe ga ƙura da ƙwari.

Sai a zo kan saiti

In an share, an canza mai, an gyara wurin ajiya, ƙarar da ta rage ita ce ake nema wa magani a saiti. Ana shiga shafin BIOS ne da danna wani maɓalli daidai lokacin kunnawa: Del ko F2 a yawancin kwamfutocin da aka harhaɗa, F2 a Dell, F10 a HP, F1 a yawancin na tebur na Lenovo. Kamfanin ASUS na kiran sashen fankoki Q-Fan, Gigabyte kuma Smart Fan.

Abin farko a duba shi ne irin fankar. Mai haƙora huɗu a bakin igiyarta ana sarrafa ta da tsarin PWM, mai haƙora uku kuma da rage mata ƙarfin wuta, wato tsarin DC. Idan fanka mai haƙora uku ce aka bar saitin a PWM, za ta yi ta gudu a ƙarshen ƙarfinta dare da rana. Sauya wannan kalma ɗaya kan kawo shirun da aka daɗe ana nema. A kuma tabbata fankar furosesa na maƙale a gurbin da aka rubuta wa CPU_FAN.

Na biyu shi ne jadawalin da ke cewa a zafi kaza, fanka ta yi gudu kaza. Jadawalin da kwamfuta ke zuwa da shi kan fara ƙara gudu tun daga ƙananan digiri, domin ya ɗauka ɗakin na da sanyi. A bazararmu, furosesa na iya zama a digiri 50 ko fiye ba ta aikin komai, sai fanka ta ɗauka an shiga haɗari. Abin da ya fi dacewa da mu shi ne a bar gudun a wajen kashi 40 cikin ɗari har zuwa digiri 55, ya hau zuwa kashi 65 a digiri 70, ya cika ɗari bisa ɗari a digiri 80. Wannan mafari ne, kowa ya gwada da tasa na'urar. Ƙasan jadawalin ne wurin neman shiru. Samansa ba a taɓa shi, kuma zaɓin da ke tsayar da fanka cak a bar wa masu sanyi.

Ƙarar nan mai tashi da sauka kuma maganinta jinkiri ne. Yawancin allunan zamani na da wurin da ake gaya wa fanka ta dakata ƴan daƙiƙoƙi kafin ta ƙara ko ta rage gudu, don kada ta zabura duk lokacin da aka buɗe shafin intanet. Kunnen mutum ya fi jure ƙara mai tafiya bai ɗaya a kan mai sauyawa.

Masu tsofaffin kwamfutocin ofis kada su yi mamaki in ba su ga jadawali ba, kamfanonin sukan kulle shi. A wasu Dell OptiPlex akwai zaɓin Fan Control Override, wanda in an kunna shi fanka ke tafiya da cikakken gudu ko da yaushe, don haka mai fama da ƙugi ya duba ko a kunne yake. A cikin Windows akwai manhajar kyauta mai suna Fan Control da ke aiki da alluna da yawa. Tsohuwar SpeedFan da har yanzu ake ba da shawararta a wasu shafuka fitowarta ta ƙarshe tun 2016 ce, ba ta san yawancin sabbin na'urori ba. Duk canjin da aka yi, a sake awo da aiki mai nauyi a tsakar rana. In zafi na zama sama da 85, an rage fiye da kima, a mayar.

Ga masu saye da masu aikowa

Babbar fanka mai tafiya a hankali ta fi ƙarama mai gudu shiru, alhali iskar da suke turawa ɗaya. Mai faɗin milimita 120 na iya yin aikin da mai 80 sai ta yi ihu za ta yi. Rage gudun fanka da rabi kan sauke ƙararta da kusan desibel 15, kuma ragin desibel 10 kawai kunne kan ji shi kamar an raba ƙara biyu. Saboda haka ɗan'uwan da ke Faransa, Aljeriya ko ƙasashen Larabawa, mai niyyar aiko wa ƙaninsa kwamfutar sana'a, ya dubi akwati mai faɗi, mai manyan fankoki da rariyar tace ƙura a gaba wadda ake cirewa a wanke. Ƙananan akwatunan nan masu kyan gani sun fi sauƙin ɗauka a jaka, amma sun fi saurin ɗaukar zafi. Ya haɗa da bututun pat tarmik ɗaya da fanka ta ajiya, ba su da nauyi. Tsarin sanyaya da ruwa ma ba ya tsallake dokar nan ta zafin ɗaki, ga shi in famfonsa ya lalace samun madadinsa a nan aiki ne.

Mai sitidiyo kuma na da hanyar da ba ta taɓa lafiyar na'ura: nisa. Doguwar igiyar allo da ta makirufo sun isa a fitar da akwatin zuwa ɗaki na kusa mai iska, a naɗi murya da safe ko da dare, a bar aikin fitar da bidiyo mai nauyi zuwa lokacin da gari ya yi sanyi.

Wanda ke cin abinci da kwamfuta ya sa wa kansa ranaku biyu a shekara: shara a ƙarshen hunturu kafin zafin Maris ya kankama, da wata bayan damina. A kowace ya rubuta zafin da ya auna a takarda ya manna a jikin akwatin. Ranar da ƙugi ya canza, wannan takardar ce za ta gaya masa ko gari ne ya yi zafi, ko kuwa na'urar ce ke neman a duba ta.