Sikizofiriniya: Ɗaya Daga Cikin Cututtukan da Ake Kira Hauka

Bahaushe yana da kalma guda, wato "hauka", wadda yake kiran kowane irin gushewar hankali da ita. Mai sambatu saboda zafin zazzaɓi, da matar da hankalinta ya juya bayan haihuwa, da mutumin da yake yawo a kasuwa cikin tsummokara, duk akan ce sun haukace. A wurin likitoci kuwa waɗannan cututtuka ne daban-daban, kowace da sanadinta da maganinta. Ɗaya daga cikin masu tsanani ita ce sikizofiriniya. Rashin gane ta da wuri yakan sa majinyaci ya shafe shekaru cikin wahala, alhali ana iya yi masa magani.

Asalin sunan

A ƙarshen ƙarni na 19 wani likita Bajamushe, Emil Kraepelin, ya lura da wata cuta mai kama matasa, ya ware ta daga sauran cututtukan ƙwaƙwalwa. A shekarar 1908 Eugen Bleuler, likita ɗan ƙasar Suwizalan, ya raɗa mata sunan da aka san ta da shi yau. Ya haɗa kalmomin Girkanci biyu ne, ɗaya tana nufin tsagewa, ɗayar kuma hankali. Sunan ya jawo kuskuren fahimta, domin mutane da yawa sun ɗauka majinyacin mutum biyu ne a jiki ɗaya. Abin da Bleuler yake nufi shi ne tunani da motsin rai da aiki sun daina tafiya tare. Nauyin sunan ne ya sa likitocin Japan suka sake wa cutar suna a harshensu a shekarar 2002, don a rage ƙyamar masu ita.

A shekarar 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 24 ne suke fama da ita, wato kimanin mutum 1 cikin 300. Ana samun ta a kowace ƙasa da kowace ƙabila. Galibi tana bayyana ne tsakanin ƙarshen shekarun samartaka da shekara 30, kuma takan riga kama maza kafin mata.

Alamomi

Ana raba alamomin gida uku. Na farko su ne abubuwan da suka ƙaru a kan halin mutum. Majinyaci yakan ji muryoyi suna yi masa magana, ko suna zaginsa, ko suna ba shi umarni, alhali babu kowa a wurin. Yakan kuma yi imani da abin da babu shi, kamar cewa maƙwabta sun haɗa baki za su kashe shi, ko rediyo da shi take magana. Hujja ba ta kawar da wannan imani. Wani lokaci maganarsa takan watse, ta zama ba kai ba gindi.

Na biyu su ne abubuwan da suka ragu. Mutum ya janye daga jama'a, ya rage magana, fuskarsa ta daina nuna farin ciki ko baƙin ciki, wanka da wanki ma su gagare shi. Dangi sukan ɗauki wannan a matsayin lalaci ko girman kai. Na uku sun shafi aikin tunani: mantuwa, da kasa mayar da hankali, da kasa tsara abin yi.

Cutar ba ta cika faɗowa dare ɗaya ba. Misali, ɗalibi ɗan shekara 20 mai ƙoƙari zai fara faɗuwa jarrabawa, ya daina hira da abokai, ya riƙa kwana ido biyu. Sai bayan watanni zai ƙi cin abincin gida, ya ce an zuba masa guba. Waɗannan watanni na farko su ne lokacin da ya fi dacewa a kai shi asibiti.

Dalilai

Cutar ba ta da sanadi guda. Gado yana da tasiri: idan uwa ko uba yana da ita, kimanin ɗa 1 cikin 10 ne yake kamuwa. Idan ɗaya daga cikin tagwaye 'yan ƙwai ɗaya ya kamu, ɗan'uwansa yakan kamu a kusan rabin lokuta. Sauran rabin da suke tsira suna nuna cewa gado kaɗai bai isa ba.

Akwai abubuwan da suke ƙara haɗari. Daga ciki akwai wahalar haihuwa da yunwa a lokacin goyon ciki. An lura cewa cutar ta ninka a tsakanin yaran da aka ɗauki cikinsu a tsakiyar yunwar da aka yi a Holan daga 1944 zuwa 1945. Shan wiwi da yawa, musamman tun ana ƙuruciya, shi ma yana ƙara haɗari. A cikin ƙwaƙwalwa kuma an gano cewa wani sinadari mai isar da saƙo, dofamin, yana aiki fiye da kima a wasu sassa.

Cututtuka makamanta

Ba duk mai jin muryoyi ne yake da sikizofiriniya ba. Akwai gushewar hankali ta ɗan lokaci, wadda takan biyo bayan babban tashin hankali, ta wuce kafin wata guda. Akwai wadda take kama mace 1 ko 2 cikin 1000 a makonnin farko bayan haihuwa, kuma tana bukatar asibiti cikin gaggawa saboda lafiyar uwa da jariri. Akwai cutar sauyin yanayin rai, inda mutum yake kaiwa da komowa tsakanin zumuɗi mai yawa da matsananciyar damuwa. Miyagun ƙwayoyi, da farfaɗiya, da zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, su ma suna iya kawo ruɗewa. Saboda haka likita yakan binciki jiki tukuna. A tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya, sai alamomin sun kai aƙalla wata guda kafin a ce sikizofiriniya ce.

Magani

Kafin tsakiyar ƙarni na 20 tsarewa ita ce babbar hanyar kula da majinyata. A shekarar 1952 likitoci biyu a birnin Paris, Jean Delay da Pierre Deniker, suka gwada wani magani mai suna kuloropuromazin, suka ga yana kwantar da muryoyi da ruɗani. A 1958 aka haɗa halofiridol a Beljiyam. Irin waɗannan magunguna suna rage tasirin dofamin. Akwai na ƙwaya da ake sha kullum, akwai kuma allura da ake yi bayan mako biyu ko wata guda. Wanda magani biyu suka kasa yi masa aiki akan ba shi kulozafin, amma sai an riƙa gwada jininsa.

Magungunan suna da illa: barci, da rawar hannu, da sandarewar jiki, da ƙiba. Wannan yakan sa majinyaci ya daina sha da zarar ya ji sauƙi, cutar kuma ta dawo. Abin da ya dace shi ne a koma wurin likita ya rage yawan maganin ko ya sauya shi.

Bisa ƙididdigar hukumar, aƙalla mutum 1 cikin 3 yana warkewa sarai. Wasu kuma cutar takan tafi ta dawo, amma suna aiki, suna aure, suna riƙe gida. John Nash, masanin lissafi ɗan Amurka, ya kamu a 1959, ya kuma karɓi lambar yabo ta Nobel a 1994.

Matsayin dangi

Fiye da kashi biyu cikin uku na masu wannan irin ciwo a duniya ba sa samun kulawar ƙwararru. A wurare da dama akan danganta shi da iskoki ko sammu, sai a yi ta yawon neman magani, asibiti ya zama zangon ƙarshe. A shekarar 2020 ƙungiyar Human Rights Watch ta bayar da rahoton ɗaure masu taɓin hankali da mari ko sarƙa a ƙasashe 60. Tsoro ne yake kawo haka, amma yawancin majinyata ba masu cutar da kowa ba ne, su aka fi cutarwa. Kimanin 1 cikin 20 yakan kashe kansa, kuma rayuwarsu takan gaza ta sauran jama'a da shekara 10 zuwa 20, galibi saboda ciwon zuciya da ciwon sukari da ba a kula da su ba.

A Afirka ta Yamma aka gwada wata hanya da ta yi suna a duniya. A shekarar 1954 likita Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauyen Aro kusa da Abeokuta a Nijeriya. Majinyaci yakan sauka a gidan mutanen ƙauye tare da wani ɗan'uwansa, ya je asibiti da rana, ya koma gida da yamma. Lambo ya kuma yi aiki tare da masu maganin gargajiya, maimakon ya kore su.

Darasin Aro yana nan har yau. Dangi su ne suke fara ganin canji, su suke tuna wa majinyaci magani, su ne kuma suke mayar da shi gona ko shago. Ba a gardama da shi a kan muryoyin da yake ji, domin a wurinsa gaskiya ne. Ba a kuma yi masa tsawa ko gori, domin yawan faɗa a gida yana tayar da cutar. Bincike ya nuna cewa gwargwadon jinkirin fara magani, gwargwadon wuyar warkewa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.