Ruwa da ziyara: matsayin tafkin Madarumfa

A rubuce-rubucen Turawa kan yawon buɗe ido akwai abin da Faransawa ke kira ville d'eaux, wato garin da ake zuwa saboda ruwansa. Misalin da aka fi bayarwa shi ne Bath ta Ingila, inda Rumawa suka gina wurin wanka da ɗakin bautar Sulis Minerva a kan maɓuɓɓugar da zafinta ya kai digiri 46. A Aljeriya ma, kusa da Khenchela, akwai wurin wankan Rumawa na ƙarni na 1 da har yanzu ake shiga. Mutanen wurin suna kiransa Hammam Essalihine, ma'ana wankan salihai. Wannan suna ne ya ja hankalinmu zuwa Madarumfa.

Madarumfa tana kudu da Maraɗi, tazarar kilomita 20 da ɗoriya. Ruwan tafkinta ba mai zafi ba ne (mai neman irin wannan a Nijar sai ya nufi Tafadek, arewa da Agadas), kuma babu ginshiƙan dutse. Abin da ke akwai shi ne kaburburan waliyyai kewaye da tafkin, waɗanda al'ada ta ce 99 ne, kuma jama'a daga Nijar da Nijeriya na zuwa ziyararsu neman albarka. A ganinmu adadin ishara ce ga sunayen Allah kyawawa, ba sakamakon ƙidaya ba. A 2006 Nijar ta sa dajin, tafkin da kaburburan cikin jerin wuraren da take son UNESCO ta amince da su, a 2019 kuma tafkin ya shiga yarjejeniyar Ramsar.

Kamancin a fili yake: a wuraren uku ruwa da tsarki tafiyarsu ɗaya. Bambancin ne ya kamata masu tsara yawon buɗe ido su lura da shi. Ruwan Bath daga ƙarƙashin ƙasa yake fitowa, rani da damina. Ko da aka hana wanka a tsohon kududdufin a 1978, gine-ginen sun ci gaba da jawo baƙi. Na Madarumfa kuwa ruwan gulbi ne, daga Gulbin Gabi da ambaliyar Gulbin Maraɗi, waɗanda tushensu ke Nijeriya. Tun da aka gina madatsar Jibiya a jihar Katsina, wajen farkon shekarun 1990, ruwan da ke gangarowa ya ragu, yashi kuma na cike tafkin. Kabarin ƙasa ba ya jure abin da dutse ke jurewa. Saninsa yana bakin dattawan da ke nuna shi.

Don haka muke ganin aikin farko ba gina masauki ba ne. Ɗalibanmu su fara da taswirar kaburburan da naɗar bayanan masu kula da su, ƴan sashen labarin ƙasa kuma su riƙa auna zurfin tafkin a ƙarshen kowace damina.