Yadda ake ɗora shafin intanet ba tare da data ta ƙare ba

Yau zan yi magana ne a kan abin da ke biyo bayan gina shafi, wato kai shi inda duniya za ta gani.

Shafin da ka gina a kwamfutarka, kai kaɗai kake ganinsa. Sai ka kwafi fayilolin zuwa wata kwamfuta mai nisa da ba a kashewa dare da rana, ita ake kira saba. A yawancin kamfanonin da ke ba da hayar wuri, akwai folda mai suna public_html, abin da ka zuba a ciki shi ne shafinka.

To, ɗorawar farko ba ta da wuya. A ce matashi ne a Tofa, ya yi wa mai sayar da hatsi shafi, ga hotuna ga farashin gero da masara. Farashi ya motsa a kasuwar Dawanau, dole a gyara. Yanzu kwafi biyu ke nan, na gida da na saba. In suka saɓa, mai saye ya ga tsohon farashi, ya kira, a yi ta jayayya. Shi kuwa yaron, in duk mako zai sake tura komai har da hotuna, ga sabis yana zuwa yana ɗaukewa, ai datarsa ce za ta tafi a banza.

Nan ne nake son rsync. Andrew Tridgell da Paul Mackerras ne suka fitar da ita a 1996 a Ostireliya. Tana duba girman kowane fayil da lokacin da aka taɓa shi, ta tsallake wanda bai canza ba. Wanda ya canza ma, guntun da ya bambanta kawai take turawa. Layi ɗaya ka gyara? Kusan layin nan kaɗai zai tafi. In ka ƙara -P, sabis ya yanke ana tsakiyar babban fayil, ba za ta zubar da abin da ya riga ya isa ba. Kuma ta hanyar SSH take bi, a rufe. Tsohuwar hanyar FTP, wadda ta faro tun 1971, kalmar sirrinka a buɗe take tura ta. Ni dai ba na ba da shawararta.

Ba ka da kwamfuta? Ana saka rsync a wayar Android ta cikin Termux. Mai Windows kuma WinSCP na da wurin daidaita folda biyu. Amma kafin ka biya kuɗin haya, tambaye su ko suna ba da SSH, don ba kowa ke bayarwa ba.

Sai abu ɗaya da za a kiyaye, wato --delete. Shi ke goge duk fayil ɗin da ke saba amma babu shi a gida. Yana share tarkace, gaskiya ne, sai dai in mai shagon ya ɗora hoto kai tsaye a saba, shi ma zai tafi. Saboda haka ka fara sa -n, za ta jero maka abin da take shirin yi ba tare da ta taɓa komai ba. Ka karanta, sannan ka cire shi ka tura.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.