Boris ɗin Tirela: Inda Ɗauri Tamau Yake Zama Ɓarna

Duk wanda ya saba bin hanyar Kaduna zuwa Abuja, ko ta Mokwa zuwa Jebba, ya sha ganin tirela a gefen titi an kakkafa mata weji, an yayyafa ganye a bayanta, taya biyu na kwance a ƙasa. Sau da yawa ba inji ne ya tsaya ba. Boris ne ya ci wuta, abin da mutum zai iya ɗauka a hannu ɗaya, amma shi yake ɗauke da nauyin buhunan siminti ko na masara tun daga Legas har Kano.

Boris ɗin babbar mota ba irin na keke ba ne mai ƙwallaye. 'Ya'yansa dogaye ne, gefe ɗaya ya fi kauri, suna jere cikin keji, suna birgima tsakanin zoben ciki da kofin da aka dasa cikin hob. Wani maƙerin keken doki a Amurka, Henry Timken, shi ya yi rajistar wannan ƙira a 1898, kuma har yau kamfanin da ke ɗauke da sunansa yana ƙera ta. Hikimar ita ce wannan siffa tana jure nauyin da ke dannowa daga sama, tana kuma jure turin da ke zuwa daga gefe idan mota ta sha kwana. Yawanci kowane hob yana da boris biyu, babba a ciki, ƙarami a waje, suna fuskantar juna.

Kwancewa ba ta da wani sirri. A sa weji, a ɗaga da jak, a tokare aksil da abin da ba zai zame ba, domin jak kaɗai ba abin dogaro ba ne. A sassauta birki, a cire murfi da fin da noti, a zaro hob. Daga nan ne ake gane makaniki. Wanda ya san aiki zai wanke komai da kananzir ya duba bakin aksil da kyau: in ƙarfen ya yi shuɗi ko ya zaizaye, tsohon boris ya riga ya yi masa illa, sabon da za a sa ma ba zai zauna daidai ba.

Akwai wata rowa da ta zama ruwan dare a garejinmu, wato a sauya zoben ciki a bar tsohon kofi, wai ai bai fashe ba. Kofin nan ya riga ya ci daidai da tsofaffin 'ya'yan da suka yi ta birgima a kansa, sababbi kuwa za su hau kan tabon da ba nasu ba. Tare ake sauya su. Haka sil ɗin baya, ko da ya yi kama da lafiyayye. In ya yi yoyo, giris ya sauka kan birki, an haɗa matsala biyu ke nan. A ganina direban da ya je kasuwar Ƙofar Ruwa ko ta Panteka ya sayo boris mai kyau, sannan ya ƙi sayen sil, bai yi tattalin komai ba.

Sai giris. Ba shafawa ake yi a bayan boris ba, cusawa ake yi da tafin hannu ta gefe mai faɗi har ya ɓullo ta ɗaya gefen. Kuma a yi shi a kan kwali ko tsumma mai tsabta, musamman lokacin hunturu da ƙura ke tashi, don yashi cikin giris tamkar wasa wuƙa ne a kan dutse. Kada a gauraya giris iri biyu, domin wasu ba sa jituwa, sai su tsinke su zube. Cika hob maƙil shi ma zafi yake haifarwa.

Amma babban wurin da ake kashe boris shi ne noti. Yaron gareji yana ganin ƙarfi shi ne aiki, sai ya zura bututu a sifana ya hau kai da ƙafa. Boris irin wannan yana bukatar ɗan sarari. Ƙa'idar da masu gyaran manyan motoci a Amurka suke bi ita ce a ɗaure da ƙarfi ana juya taya don komai ya zauna, a kwance, a sake ɗaurewa sama-sama, a ɗan mayar baya, har wasan da ya rage ya tsaya tsakanin milimita 0.025 da 0.127. Aksil ɗin Jamus irin su BPW da SAF suna da nasu awon, don haka littafin kamfani ake bi. In an matse fiye da kima giris ya ƙone, ƙarfe ya ci ƙarfe. In an bar shi sako-sako taya ta riƙa rawa, sil ya lalace, wata rana tayar ta fice ta wuce motar a guje. A tankar mai kuwa, hob mai zafi yana iya zama mafarin gobara.

Bayan an mayar da fin sabo an rufe, aikin bai ƙare ba sai an yi tafiya. Direba ya tsaya bayan 'yan kilomitoci ya kai bayan hannunsa kusa da kowane hob. Ɗumi ba laifi ba ne. Wanda ya fi 'yan'uwansa zafi, ko yake warin ƙonannen giris, a sake ɗaga shi tun kafin a shiga daji.